Yadda ake zana zubin haruffa na zamani mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ

Masu shagunan waya a titin Ahmadu Bello, da masu POS na Terminus, da samarin da ke rubuta manhaja a nan Jos, kusan irin haruffa ɗaya suke nema yanzu: masu faɗi, masu kauri bai ɗaya daga sama har ƙasa, waɗanda da ka gan su sai ka tuna da na'ura da jirgin sama jannati. Yawancin irinsu da ake saukewa kyauta ba a yi su da Hausa a rai ba. Ka rubuta “Tura kuɗi” sai ɗ ya fito siriri daga wani zubin dabam, ko kuma wani ɗan akwati ya tsaya a gurbinsa. Wannan bayani na wanda yake son ya zana nasa ne tun daga tushe.

Gida biyu ya kamata ka sani. Na farko gidan da'ira, inda O yake zagaye sosai, A kuma yake da tsini. Babbansu shi ne Futura, wanda Bajamushe Paul Renner ya zana, kamfanin Bauer ya fitar a 1927, kuma da shi aka rubuta farantin da 'yan sama jannatin Apollo 11 suka bari a duniyar wata a 1969. Na biyu gidan murabba'i mai zagayayyun kusurwoyi. Nan Eurostile ne a gaba, aikin Aldo Novarese na Italiya a 1962, wanda ya gina a kan Microgramma da suka yi shi da Alessandro Butti a 1952. Orbitron da Michroma da kake gani a Google Fonts duk zuriyar gida na biyun ne.

KAYAN AIKI

- Kwamfuta, ko da tsohuwa ce, aikin ba ya cin ƙarfi. Amma ka nemi linzami na waje, domin jan layi da yatsa a kan farantin laftof wahalar banza ce.
- FontForge, manhajar zana zubin haruffa. Kyauta ne, yana hawa Windows da Mac da Linux. Fuskarsa ba ta da kyau ko kaɗan, kada wannan ya kore ka. Glyphs ya fi shi daɗin aiki, sai dai na kuɗi ne kuma a Mac kaɗai yake hawa. Idan kwamfutar aro ce da ba a yarda ka saka mata komai ba, Glyphr Studio yana aiki a cikin burauza.
- Littafin giraf na 'yan makaranta, fensir, rula, kamfas ɗin kwalin lissafi, da baƙar maka.
- Wurin buga takarda. Ba sai kana da firinta ba, kowane shagon fotokwafi na Farin Gada zai yi maka.
- Ƙaramar waya mai arha. Ba tsadaddiyar da ke aljihunka ba, irin wadda yawancin masu amfani da manhajar suke riƙewa.
- Hanyar buga haruffan Hausa. Gboard, allon buga rubutu na Google a waya, yana da Hausa, Windows ma yana da ita. In duk babu, ajiye ɓ Ɓ ɗ Ɗ ƙ Ƙ ƴ Ƴ a wani fayil ka riƙa kwafowa.

Ka saba da danna Ctrl+S bayan kowane harafi, ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba.

MATAKI NA 1: TSAYAR DA AIKIN DA HARUFFAN ZA SU YI

Allon shago da fuskar manhaja ba buƙatarsu ɗaya ba. Allo yana ɗaukar ado da faɗi da yanke-yanke, domin kalma uku ce ko huɗu kuma manya. Fuskar waya tana son haruffan da ba za a rikita da junansu ba ko da sun ƙanƙance. Zaɓi ɗaya ka rubuta shi a saman takardarka. Sannan zaɓi gida, da'ira ko murabba'i, da ado guda ɗaya tak da zai bi dukkan haruffan, misali yanke kusurwa a karkace ko barin ƴar tsaga inda layuka suka haɗu. Mai koyo yakan so ya zuba ado uku ko huɗu, ƙarshenta kowane harafi ya kama gabansa.

MATAKI NA 2: KAFA LAYUKAN AWO

Idan ka buɗe sabon aiki a FontForge, akwatin kowane harafi an raba tsayinsa gida 1000, 800 a saman layin da haruffa ke zama, 200 a ƙasansa. Kowane gida shi ne awo ɗaya. Ja layukan jagora daga rular da ke saman tagar zane ka ajiye su haka:

- layin zama: 0
- kan ƙananan haruffa irin su a, n, o: 510
- kan manyan haruffa: 700
- kan dogayen sanduna irin na b, d, k, l: 750
- ƙarshen wutsiyar g, j, y: 190 a ƙasa da layin zama
- kaurin sandar tsaye: 90, ta kwance: 80

A nan ne Bahaushe yake rabuwa da sauran masu zane. Salon da muke magana a kai yana son ƙananan haruffa dogaye, su kusa kamo manya, dogayen sanduna kuma a datse su. Za ka ga an sa kan ƙananan a 590, sandar b a 700. Ga Turanci wannan lafiya lau. Amma ƙugiyar ɓ a saman tumbinsa take kwanciya, ta ƙ kuma a saman hannunsa. Yi lissafin da kanka: ƙugiya mai kauri 80 da ta tsaya a 700, cikinta yana 620, tumbi yana 590, fili ya rage 30. A rubutu mai girman fiksel 16, awo 30 bai kai rabin fiksel ba, wato ƙugiya da tumbi za su manne, ɓ ya zama wani baƙin dunƙule. Da awon da na ba ka, cikin ƙugiya yana 670, tumbi yana 510, fili 160, fiye da fiksel biyu da rabi.

Don haka tun yanzu ake yi wa ƙugiya wuri. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya gama haruffa 52 sannan ya tuna da ƙugiya, ko dai ya sake zana rabin aikin, ko ya ɗora ta a sama da sauran sanduna ta riƙa leƙe a kowane layi.

Idan ka matsu sai ka yi dogayen ƙananan haruffa, ɗaga sanduna zuwa 790, kuma kada filin ya gaza 120.

MATAKI NA 3: ZANA HARUFFA SHIDA A TAKARDA

H, O, n, o, a, ɗ. Su kaɗai. H da n suna ba ka sandar tsaye da faɗi, O da o suna ba ka lanƙwasa. Masu koyarwa na waje sukan tsaya nan su wuce zuwa wasu, ni kuwa ina ƙara a da ɗ, domin babu harafin da ya kai a yawa a rubutun Hausa, ɗ kuma shi zai nuna maka siffar ƙugiyar da sauran za su gada.

A littafin giraf ɗauki kowane gida a matsayin awo 50. Zana gefe da gefe da fensir, ka cike ciki da baƙar maka, ka manna a bango ka ja da baya taku biyar. Zanen da ba a cike ba yana ruɗin ido, sai an cike ake ganin nauyinsa na gaskiya.

Batun a yana buƙatar shawara. Futura yana da a mai tumbi ɗaya, wato da'ira da sanda a gefe. Kyakkyawa ne a allo. Amma rubuta “Allah ya ba da sa'a” da shi a ƙaramin girma ka gani: a, o, d, b duk da'ira ce da ƴar sanda, ido sai ya tsaya yana tantancewa. Ga manhaja, yi a mai hawa biyu, irin mai rumfa a sama da ƙaramin tumbi a ƙasa. Ga allo, mai tumbi ɗaya ya wadatar, muddin sandarsa ta fito fili.

MATAKI NA 4: SHIGAR DA SU KWAMFUTA

Ɗauki hoton zanen ka shigo da shi ta File, Import, zai zauna a bayan fage a matsayin abin dubawa. Kada ka bari manhaja ta bi layin da kanta. Za ta cika maka harafin da ɗigo ɗari, kowane lanƙwasa ya yi ƙuraje.

Zana da hannunka, da ɗigo kaɗan. O yana buƙatar takwas ne kawai: huɗu a waje, huɗu a ciki, kowanne a ƙurewar sama, ƙasa, dama da hagu. Kowane ɗigo yana da hannaye biyu da ke sarrafa lanƙwasa, kuma dole su tsaya a miƙe sak, ko a tsaye ko a kwance. Tsawon hannun shi ke raba gidajen nan biyu. Idan ya kai kusan kashi 55 cikin ɗari na tazarar da ke tsakanin ɗigon da kusurwa, da'ira za ka samu. Ka ja shi zuwa kashi 75 ko 80, sai kafaɗun O su cika, ya koma murabba'i mai laushi. Zaɓi adadi ɗaya ka riƙe shi a dukkan haruffa. Maimakon ja da linzami, zaɓi ɗigon ka buɗe Get Info ka rubuta lambobin, ya fi tabbas.

Kuskuren da ya fi yawa a gidan murabba'i shi ne a zana akwati mai miƙaƙƙun gefe a manna masa rubu'in da'ira a kowace kusurwa. A lissafi daidai ne, amma ido yana ganin ɗan kumburi a duk inda miƙaƙƙen layi ya shiga lanƙwasa. Bar gefunan da ɗan ciki kaɗan, lanƙwasa ta fara tun daga tsakiya ta tafi a hankali.

Idan hannunka ya fi sabawa da manhajar zane ta Inkscape, zana a can a shafi mai tsayi 1000, ka mayar da layukan su zama siffa ta Stroke to Path, ka adana a SVG, ka shigo da su ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ka duba awon bayan shigowa, yakan goce.

MATAKI NA 5: GYARAN IDO

Ana ganin waɗannan haruffa kamar rula da kamfas ne suka haife su, alhali kusan kowannensu an ɗan saɓa wa lissafi don ido ya gamsu. Ko a Futura, tumbi yana sirancewa inda ya haɗu da sanda.

O da ya tsaya daidai a 0 da 700 zai zama kamar ya fi H gajarta. Bar shi ya zarce da awo 10 zuwa 12 sama da ƙasa. Idan na gidan murabba'i ne, 5 ya isa, tun da kansa ya kusa zama shimfiɗaɗɗe. Tsinin A da V yana son fiye da haka, wajen 15.

Layin kwance ya fi na tsaye kauri a ido ko da awonsu ɗaya, shi ya sa muka sa 80 da 90. Sandar tsakiyar H da E ɗaga ta sama da tsakiya da awo 10. Rabin saman S, B, 3 da 8 ya ɗan fi na ƙasa ƙanƙanta, in ba haka ba sai su zama kamar za su kife. Inda tumbin b ko kafaɗar n ta shiga sanda, rage kaurin zuwa wajen 65 don kada wurin ya yi duhu. M da W kuma, siranta karkatattun layukansu na ciki.

Dabarar da nake amfani da ita: buga harafin, ka juya takardar kai ƙasa. Ido ya daina karanta shi ya koma kallon siffa, sai duk wani karkace ya bayyana.

MATAKI NA 6: TAZARA, TUN KAFIN SAURAN HARUFFA

Kowane harafi yana da fili a hagunsa da damansa. Buɗe New Metrics Window ka rubuta nnnononooo. Fara da 70 a kowane gefen n, 45 a kowane gefen o mai zagaye, ko 60 idan o ɗin mai murabba'i ne. Abin da kake nema shi ne farin da ke tsakanin haruffa biyu ya yi kusan daidai da farin da ke cikin n, har sandunan su jeru a natse ba tare da wasu sun rungume juna wasu sun yi nisa ba. Yi haka da HHHOHOHOOO. Da zarar waɗannan sun zauna, duk harafi mai miƙaƙƙen gefe zai ari awon n ko H, mai zagayayyen gefe ya ari na o ko O.

Mai koyo kusan kullum matse haruffa yake yi, saboda yana kallon su manya-manya a kwamfuta. Rage girman zuwa na saƙon waya kafin ka yanke hukunci. Idan manhajar mai baƙin bango ce da farin rubutu, ƙara tazarar da awo 5 zuwa 10, domin farin harafi yana bazuwa a kan duhu.

MATAKI NA 7: HARUFFA MASU ƘUGIYA

Kowannensu yana da gurbinsa a Unicode, wato tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, kuma dole a nan za ka zana shi. Je View, Goto, ka rubuta lambar:

ɓ U+0253, Ɓ U+0181
ɗ U+0257, Ɗ U+018A
ƙ U+0199, Ƙ U+0198
ƴ U+01B4, Ƴ U+01B3

Idan gurbin bai bayyana ba, je Encoding, Reencode, ka zaɓi Unicode. Kada ka kuskura ka ɗora ƙ a gurbin q ko ɗ a gurbin x don sauƙin bugawa. An yi wannan dabarar a da, sakamakonta shi ne rubutu ya lalace da zarar an buɗe shi a wata kwamfutar, kuma bincike ba ya gano kalmar.

Fara da f, domin lanƙwasar kansa ita ce uwar ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ. A dukkan ukun sanda ce take hawa ta tanƙwara zuwa dama. Zana b, d, k tukuna, ka kwafo su, ka yanke kan sandar, ka haɗa mata ƙugiyar. Ta fito daga sandar da awo 110 zuwa 130. In ta gaza haka, a ƙaramin girma ba za a bambance ɗ da d ba. In ta wuce, ɓ zai fara kama da 6. Ƙarshenta ya bi irin yankan da ka yi wa f da r da c: in a tsaye ka datse su, ita ma a tsaye.

ɓ da ƙ ba su da rigima wajen tazara, ƙugiyarsu a kan jikinsu take. ɗ ne mai shiga gonar maƙwabci, tun da tasa waje take fita. Idan ka faɗaɗa akwatinsa har ya rufe ƙugiyar duka, za a ga rami a ƙasanta cikin kalma irin “haɗa”. Sa'ar da muka yi, a Hausa abin da ke bin ɗ kusan kullum wasali ne ko wani ɗ, kuma dukkansu gajeru ne a ɓangaren hagu. Saboda haka bar wajen rabin ƙugiyar ta rataya a kan harafin gaba. Wuri ɗaya ne za ta yi karo: ɗigon i, a kuɗi, faɗi, daɗi. Wannan za mu gyara a mataki na 9.

Manyan kuma dabam suke. Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu a hagu take, layin sama ne yake zarcewa baya ya sauko kaɗan. Ƙ tasa a ƙarshen hannun sama na dama take, haka ma Ƴ da ƴ. A Ƙ mai kauri, miƙar da hannun tsaye kaɗan kafin ka tanƙwara shi, in ba haka ba zai yi kama da R.

A Najeriya mun fi rubuta 'y, ƴan'uwanmu na Nijar su ne suka fi amfani da ƴ. Zana duka biyun. Alamar ɗaurin nan da ke cikin 'ya'ya, ma'aikata da jami'a kuwa, siffa huɗu take zuwa dangane da inda aka buga ta: U+0027, U+2018, U+2019 da U+02BC. Cike dukkan guraben huɗu, domin ko ɗaya ka bari, wata rana za ta fito da baƙuwar siffa a tsakiyar kalma.

MATAKI NA 8: SAURAN HARUFFA DA LAMBOBI

Daga n ka fitar da h, m, u, r. Daga o ka fitar da c, e, b, d, g. Daga H ka fitar da E, F, L, T, I. Bar S da s zuwa ƙarshe, su ne masu taurin kai. Kada ka tsallake p, q, v, x don ba sa cikin abacadar Hausa, mai shago zai rubuta POS da Plateau.

Akwai adon da ake yayi na cire sandar tsakiyar A, irin na tambarin NASA da Richard Danne da Bruce Blackburn suka zana, wanda aka fara amfani da shi a 1975. A kalma mai harafi huɗu ya yi kyau. Gwada shi da BARKA DA ZUWA KASUWAR WAYA ka ƙirga tsinayen da suka jeru. Shawarata, A na yau da kullum ya zauna da sandarsa, marar sandar ka ajiye shi a fayil na biyu don tambari kawai.

Ga manhaja, lambobi sun fi haruffa muhimmanci, mutum lambar asusu mai lamba 10 da lambar waya mai 11 zai riƙa karantawa. Ba dukkan lambobi faɗi ɗaya, misali 600, har da 1, don su jeru idan an ɗora kuɗi a kan kuɗi. Yi wa 1 ƙafa da baki don ya cike gurbinsa. 0 ya fi O ƙunci, kuma in za a riƙa nuna lambobin sirri masu gauraye da haruffa, sa masa ɗigo ko karkataccen layi a ciki. Jera waɗannan ka duba su a ƙaramin girma: 0 da O, 1 da l da I, 5 da S, 8 da B, 2 da Z. A gidan murabba'i 5 da S ne suka fi rikicewa, maganinsu kusurwar 5 ta sama ta zama kaifi, ta S ta zama zagaye.

Alamar naira tana U+20A6. Sandunanta biyu su zama sirara, wajen 50, kuma in zubin mai kauri ne, katse su a tsakiya su fito a gefe da gefe kawai, don kada cikin N ya toshe.

MATAKI NA 9: GYARAN TAZARAR BIBBIYU

Wannan gyara ne na haruffa biyu da suka ƙi zama lafiya da juna duk da tazararsu daidai take. Ana yin sa a tagar Metrics, kuma Kern By Classes yana ba ka damar haɗa masu siffa ɗaya a rukuni. Kada ka fara shi sai tazarar asali ta zauna. Idan ka ga kana gyara kusan kowane biyu, matsalar tana mataki na 6.

Bayan sanannun nan irin su Ta, Yo, AW da LT, ga kalmomin da nake gwaji da su: kuɗi, haɗaɗɗe, miƙaƙƙe, ruɓaɓɓe, ƙwai, ƙyalle, sa'a, 'yan'uwa, sannan da manya: KUƊI, HAƊA, KARƁA, ƘASA, MIƘA. Tsakanin ɗ da i ƙara 30 zuwa 40. Tsakanin A da Ɗ rage, domin ƙugiyar tana samun wurin shiga a kafaɗar A. Tsakanin U da Ɗ bar shi yadda yake. Alamar ɗauri tsakanin a da a takan bar fili mai yawa har kalma ta zama kamar biyu, matso da ita ta kowane gefe.

MATAKI NA 10: TSABTACEWA DA FITAR DA FAYIL

Yi kwafin fayil ɗin aikinka, a kan kwafin za ka yi wannan. Zaɓi dukkan haruffa, a ƙarƙashin Element ka bi su a jere: Remove Overlap, Correct Direction, Add Extrema, Round To Int, sannan Validate. Idan ka ga cikin O ya cike baƙi ƙirin, alƙiblar layin ciki ce ta juye, Correct Direction zai gyara. Idan ka tsallake Remove Overlap, injin yankan sitika zai yanka ta inda sassa suka hau juna ya ɓata maka leda.

A Font Info rubuta sunan zubin da lambar fitowa. A sashen OS/2 duba cewa Win Ascent ya wuce ƙugiyarka mafi tsayi, in ba haka ba Windows zai iya aske kanta. Sai File, Generate Fonts: OTF ko TTF don kwamfuta da waya, WOFF2 don shafin intanet. Idan manhajar Android ce, fayil ɗin yana shiga res/font, kuma sunansa ƙananan haruffa da lambobi ne kawai, babu fili babu karan tsaye ko na kwance sai na ƙasa. Duk sanda ka yi gyara, cire tsohon daga kwamfutar kafin ka saka sabo, don ta kan riƙe tsohon ka yi ta mamakin me ya hana gyaran fitowa.

MATAKI NA 11: GWAJI A INDA ZA A YI AMFANI DA SHI

Na manhaja, saka shi a ƙaramar wayar nan, ka fita rana tsaka da ita, ka miƙa wa wani dattijo ya karanta maka lambar asusu da ƙarfi. Duk inda ya tsaya ko ya kusanto da wayar, rubuta harafin. Ka kuma sani cewa irin wannan zubi na kanun magana ne da maɓallai da lambobi. Dogon bayani a bar wa Noto Sans ko Andika, dukkansu suna da haruffanmu.

Na allo, masu sana'ar suna da ƙiyasin inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa 10 ta nisan mai karatu. Buga kalma ɗaya a ainihin girmanta, ko da sai an haɗa takardu, ka manna a wurin, ka tsallaka titi ka duba, ka kuma wuce ta gabansa a cikin keke. Idan allon mai fitila ne, jira dare, haske yana cinye ƙananan filaye, kuma filin da ke ƙarƙashin ƙugiya shi yake fara tafiya, balle lokacin hazo. Kafin ka kai wa mai bugawa, mayar da rubutun ya zama zane, a CorelDRAW Ctrl+Q ne, domin kwamfutarsa ba ta da zubinka kuma za ta musanya shi ba tare da ta tambayi kowa ba.

IDAN LOKACI YA ƘURE

Ba kowane aiki ne zai jira ka zana haruffa ɗari ba. Je Google Fonts, ka rubuta “ɓ ɗ ƙ ƴ ₦” a wurin gwaji, ka duba da kyau ko siffarsu ta dace da sauran haruffan zubin ko aro aka yi. Idan wanda kake so bai da su, sauke shi ka karanta takardar lasisin da ke cikinsa. Mai lasisin SIL Open Font License an yarda ka gyara shi, ka yi aikin kuɗi da shi, ka raba wa wasu. Sharuɗɗan su ne: gyararren ya ci gaba da zama a ƙarƙashin lasisin, ba za ka sayar da fayil ɗin shi kaɗai ba, kuma in an keɓe sunan asali, dole ka sa masa wani suna. Futura da Eurostile na sayarwa ne, ba a taɓa su sai da izinin masu su.

Buɗe shi a FontForge, ka fara auna filin da ke tsakanin kan o da kan b. Idan ya kai kaurin ƙugiya da ƙarin 120, bi mataki na 7, na 9 da na 10. Idan bai kai ba, siranta ƙugiyar da awo 10 ka ɗaga ta sama da sauran sanduna da 30 ko 40, ko kuma ka taƙaita amfani da zubin ga manyan haruffa kawai, inda Ɓ, Ɗ, Ƙ da Ƴ ba sa buƙatar ƙarin tsayi.